Kunkuru ya shigo mana tsakar gida bayan ruwan jiya: mu riƙe shi ko mu mayar da shi?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema cikin gaggawa. Jiya da daddare an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a nan wajen Kumbotso. Yau da asuba na fito zan ɗora ruwan zafi, sai na hangi wani abu baƙi-baƙi a bakin rariya, na ɗauka dutse ne yara suka toshe ta da shi. Ina kai hannu sai ya motsa. Ashe kunkuru ne, girmansa bai fi tafin hannun babban mutum ba. Yanzu yana cikin baho, na zuba masa ruwa ɗan kaɗan. Yara sun ƙi tafiya Islamiyya, wai nasu ne, har sun raɗa masa suna. Hajiyar maigidana ta ce kada a fitar da shi, kunkuru a gida alheri ne, yana tare baki da sammu. Maƙwabcinmu kuma ya ce a huda gefen ƙoƙon bayansa a ɗaura igiya kada ya ɓata. Ni dai tun safe hankalina bai kwanta ba, domin ba abin da yake yi sai kartar jikin bahon yana neman fita. Na sa masa latas da tumatir, ko kallo bai yi ba. Me ya kamata in yi?

AbuSadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ki riƙe abinki Hajiya, arziƙi ne ya biyo ki har gida. Kunkuru ba ya da wahalar kiwo, ba kuka, ba ɓarna. A gidan kakanmu akwai wanda muka taso muka tarar, har yanzu yana nan.

Ɗan_Fadama:
Maman Ilham, kafin a yanke shawara sai an san wane iri ne, domin sunan kunkuru ɗaya ne amma dabbobin da yawa. Don Allah ki duba mana abu uku. In ya tsorata, kansa yake ja ciki kai tsaye, ko wuyansa yake lanƙwasawa gefe ya ɓoye kan a ƙarƙashin bakin ƙoƙon? Ƙafafunsa dunƙulallu ne kamar na giwa, ko shimfiɗaɗɗu ne masu farata da 'yar fata tsakanin yatsu? Sannan bayansa tudu ne kamar kifaffiyar ƙwarya, ko a baje yake?

Maman_Ilham:
Gefe yake karkatar da wuyan. Ƙafafun masu faɗi ne, faratan da kaifi, har ya karce babban ɗana. Bayan a baje yake, launin laka. Kuma da muka ɗaga shi ya saki wani irin wari mai tayar da zuciya, sau uku na wanke hannu da sabulu.

Ɗan_Fadama:
To an gama. Wannan kunkurun ruwa ne, irin na kududdufi da tafkunan damina, masana suna kiran jinsinsa Pelomedusa. Warin nan makaminsa ne, daga wasu 'yan ƙofofi a gefen jikinsa yake fitowa in ya ji an kama shi. Shi ya sa bai kula latas ɗinki ba: ba maciyin ganye ba ne sosai. Abincinsa 'ya'yan kwaɗi, ƙwari, katantanwa, tsutsa, ƙananan kifi da mushe, kuma galibi a cikin ruwa yake ci.

Yadda yake rayuwa shi ne zai gaya miki abin da ya kawo shi. In rani ya yi ruwa ya ƙafe, sai ya binne kansa cikin taɓo ko ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ya yi watanni ba ci ba sha. Da ruwa mai ƙarfi ya sauka sai ya fito ya kama tafiya a tudu yana neman kududdufi. Tafiyar nan yake yi ya faɗo rariyarki. Ba baƙo ba ne daga nesa, ɗan unguwarku ne, ƙila ma ya riga gidajenku zama a wurin. Shawarata ki mayar da shi ruwa mafi kusa da ku yau ko gobe, kada ya kwana biyu a baho.

Wanda AbuSadiq yake magana a kai kuwa, ina kyautata zaton na tudu ne, shi lissafinsa daban.

Ummu_Khalil:
Maganar huda ƙoƙon nan ce ta tsaya mini a rai. Don girman Allah kada ki bari a yi.

Injiniya_Tukur:
Ni na taɓa yi, shi ya sa zan yi magana. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a Gumel muka kama ɗaya a bayan gari. Muka sa ƙusa a wuta ta yi ja, muka huda gefen bayansa, muna ganin ai kamar huda ƙwarya ne. Jini ya fito. Ya riƙa miƙa wuya yana buɗe baki ba sauti. Muka ɗaure shi a gindin darbejiya, wurin ya ruɓe, ƙudaje suka yi masa tsutsa, bai kai sati uku ba ya mutu. Sai da na girma na san ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya saka, ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini da jijiyoyi a ciki. Yau shekara talatin ke nan, in na ga kunkuru sai na tuna buɗe bakin nan. Ki gaya wa maƙwabcinku ya bari.

Ummu_Khalil:
Allah ya yafe mana baki ɗaya, Injiniya. Ƙuruciya ce da rashin sani.

Baban_Zahra_Gusau:
Me zai hana ki jefa shi rijiya in kuna da ita? Haka iyayenmu suke yi. Yana cinye ƙwari da tsutsotsi, ruwa ya yi garau. Ga shi cikin ruwa yadda yake so, ga yara suna leƙa abinsu. Kowa ya samu.

Nas_Hauwa:
Baban Zahra, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Na san al'ada ce tsohuwa, a garinmu ma ana sa kunkuru ko tarwaɗa a rijiya. Amma inda yake ci nan yake kashi, kuma kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa da jikinsa ba tare da shi ya yi ciwo ba. Ita ce take kawo zawo, amai da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi illa. A Amurka tun 1975 aka hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba, saboda yara suna wasa da su suna kai hannu baki. Ruwa ya yi garau a ido ba shi ne tsabta ba.

Maman Ilham, bahon nan kada ya koma wanke-wanke ko wankan jariri sai kin wanke shi da sabulu da bilic. Ruwan ciki a zubar a makewayi. Karcewar da ya yi wa yaron a wanke da sabulu a sa masa magani.

Ɗan_Fadama:
Ƙari a kan na Nas Hauwa: shi kansa rijiya kurkuku ce gare shi. Yana buƙatar fitowa ya sha hantsi, da haka jikinsa yake ɗumi ya narkar da abinci, ƙashinsa ya yi ƙwari. A rijiya ba rana, ba tudu, ba abokin haihuwa. Zai iya shekaru a ciki bai mutu ba, domin dabba ce mai jimiri, amma jimiri ba jin daɗi ba ne.

Baban_Zahra_Gusau:
Na ji ta fuskar lafiya. Amma mu dai mun sha ruwan rijiya mai kunkuru mun girma lafiya lau.

Malam_Habu_Zariya:
Bari in taɓa maganar Hajiya, cikin girmamawa, domin uwa ce. Kunkuru halittar Allah ce kamar kowace, ba ya tare sammu, ba ya jawo arziƙi. Tsari yana wurin Allah, da azkar na safe da yamma. Wasu kuma akasin haka suke cewa, in sun ga kunkuru a gida sai su ce turo shi aka yi, su kashe shi su ƙona. Duka biyun camfi ne.

Abin da ya zo a nassi shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Akwai kuma wanda Abu Dawud ya ruwaito, da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Malamai ba su hana kiwon dabba ba in za a ba ta haƙƙinta. To tambayar ita ce, Maman Ilham za ta iya ba wannan haƙƙinsa a cikin baho? Ita da kanta ta ce ya ƙi ci.

Amma ki bi Hajiya da lalama. Kada ki ce mata camfi take yi. Ki ce mata ya ƙi cin abinci, kina tsoron ya mutu a hannunku alhaki ya hau kanku. Tsofaffi sun fi mu tsoron alhaki.

Maman_Ilham:
Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi yadda zan tunkari Hajiya shi ya fi damuna, ka ba ni hanya.

Hadiza_Maradi:
Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Irin wanda AbuSadiq ya ce, mu nan mun san shi sosai, babban kunkurun tudu mai ƙaho-ƙaho a cinya. Gidajen sarakai da attajirai da yawa suna da shi. Namu na gidan kakana, yaro yakan hau bayansa ya tafi da shi. Ramin da ya haƙa a bayan ɗaki har ya sa katanga ta tsage. Kakana ya ce a da in ka yi arewa wajen Dakoro kana ganin ramukansu a daji. Yanzu a gidajen mutane suke, dajin ya zama wayam. Ni abin da nake tambaya, irin namu da ya shekara arba'in a gida, shi ma a kai shi daji a saki?

Ɗan_Fadama:
Hadiza, tambayarki ta fi ta farko wuya. Wannan shi ne sulkata, na uku a girma a duk kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babban namiji yana iya kusantar kilo 100. Asalinsa bakin Sahara ne, daga Senegal da Muritaniya har Habasha da Eritiriya. Ciyawa yake ci, ramin nan kuma shi ne mafakarsa daga zafi. Yanzu yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a daji, saboda kamu don sayarwa da kuma dabbobin kiwo da suke cinye ciyawar da yake dogaro da ita. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki.

Amma wanda ya daɗe a gida ba a ɗauka kawai a kai daji. Ya zauna da kaji da awaki, yana iya kai wa na daji cutar da ba su sani ba. Kuma in kin sake shi inda makiyaya da matafiya suke wucewa, gobe wani zai ɗauke shi. A Senegal akwai wani wuri a Noflaye, kusa da Dakar, da ake kira Ƙauyen Kunkuru, inda ake karɓar irin waɗannan daga gidaje, a killace su a duba lafiyarsu, sannan a saki waɗanda suka dace a yankin Ferlo ana bibiyarsu. Wani ɗan ƙasar, Tomas Diagne, ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki. Ku a Nijar sai ku tuntuɓi ma'aikatan gandun daji, ga gandun dajin Gadabeji nan a jiharku. In ba haka ba ku bar shi inda yake, ku ba shi fili da ciyawa da inuwa, ku daina ba shi tuwo da sauran abinci.

Na Maman Ilham kwana ɗaya ya yi, kuma ɗan wurin ne. Shi ya sa nasa mai sauƙi ne.

AbuSadiq_Fagge:
Namu ma tuwo da shinkafa ake ba shi. Zan gaya musu a gida. An ce irinsu suna shekara ɗari uku, gaskiya ne?

Bashir_Ogbomosho:
Maganar Alagba ke nan, kunkurun fadar Soun, sarkinmu a nan Ogbomosho, kunkurun da ya mutu a watan Oktoba 2019. Fada ta ce shekararsa 344. Na gan shi da idona kafin ya mutu, mutane suna zuwa daga nesa kallonsa. Masana dabbobi dai ba su yarda da lissafin ba, sun ce irinsa bai cika wuce shekara ɗari ba.

Sarkin_Baka_Ƙarami:
Ni mafarauci ne ɗan mafarauci, bari in faɗi tawa. Duk wannan magana ta mayarwa, in kun kai shi kududdufi yara za su kama shi kafin Magariba. In bai faɗa hannun yara ba ya faɗa hannun masu kai wa 'yan magani, domin ƙoƙonsa da kansa duk ana saye a kasuwa. Wasu kuma ci suke yi. A gidan Hajiya aƙalla ba mai taɓa shi. Ba ina cewa kiwo ya fi ba, ina cewa dajin da kuke tunani babu shi a Kumbotso. Inda muke farautar zomo da ubana yau filoti ne an yanka an sa bulo.

Ummu_Khalil:
Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. Kududdufan cikin Kano nawa aka cike aka yi gini a kai? Shi ya sa ruwa kaɗan sai ambaliya.

Aliyu_Sakkwato:
To a kai shi gidan zu mana. Wani ƙanena ya tsinci irin wanga, can anka kai shi, munka huta.

Ɗan_Fadama:
Aliyu, gidan zu na Audu Bako yana kusa da ita, kuma da a ce ya ji rauni ne ko ƙoƙon ya fashe, da ni ma can zan ce ko wurin likitan dabbobi. Amma lafiyayye ne, irinsa kuma ba su yi ƙaranci ba tukuna. In an kai shi keji an cire uba ko uwa ɗaya daga kududdufin unguwar har abada. Kunkuru yana daɗewa kafin ya balaga, ƙwai da 'ya'yansa kuma yawanci guza da tsuntsaye da karnuka suke cinyewa, saboda haka babba ɗaya da ya tsira yana da daraja.

Sarkin Baka, ban musa maka ba. Haɗarin yana nan. Amma wannan dabba ta kai girman tafin hannu a wannan unguwar, tare da yaran da karnukan da motocin. Ta san wurin. Abin da za a yi a rage haɗarin: a kai shi da Magariba ko da sassafe lokacin da ba yara, a zaɓi gefen da yake da ciyawa da taɓo.

Masunci_Nguru:
Ni a ruwa na tashi, tsakanin Nguru da Gashuwa. Irin na Hajiya muna ganinsu kullum a koma da birgi, mu cire mu jefa. Wadda ta ɓace mana ita ce ƙififiya, mai laushin baya da dogon wuya, wadda in ta ciji yatsa ba ta saki da wuri. Muna yara ubana yakan kamo wadda sai mutum biyu sun ɗauka. Yau sai in yi damina guda ban ga babba ba. Ruwa ya canza tun da aka yi madatsun Tiga da Challawa, kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, mu kuma masunta mun yi yawa, raga ta yi ƙanƙanta. Da a ce tun da can in mun kama mai ƙwai muna mayarwa, da ba haka ba. Ki mayar da shi 'yar'uwa. Kada ki kai shi kogi mai gudu, ba wurinsa ba ne. Ruwa kwantacce yake so.

Maman_Ilham:
Na gode muku duka. Ga inda ake. Na bi shawarar Malam Habu, Hajiya ta yi shiru sannan ta ce in dai zai mutu a hannunmu gara a kai shi. Sai dai matsala ta taso: Abban su Ilham ya je ya duba kududdufin bayan layinmu, ya ce rabinsa an cike da shara da ɓaraguzai, ruwan ya yi baƙi, kwatar unguwa duk can take zuba. Wani ya ce mu kai shi kogin Challawa.

Nas_Hauwa:
Challawa ta wajen masana'antu? Ruwan majemu yana shiga can. Ni ba zan kai ba.

Ɗan_Fadama:
Kada ku kai kogi, Masunci ya riga ya faɗi dalili. Kada kuma ku ɗauke shi a mota ku yi nisa da shi, in ya ga baƙon wuri sai ya fito ya kama neman gida, a nan mota take taka su. Ku tambayi masu lambu ko masu yin bulon ƙasa, su suka san ruwan da yake daɗewa. Alamar wuri mai kyau: kukan kwaɗi da daddare, ciyawa a baki, taɓo mai laushi. Ku ɗauke shi a bokiti da jiƙaƙƙen tsumma, ba cikin ruwa mai yawa ba. In kun isa kada ku wurga shi, ku ajiye shi a baki ku ja da baya.

Maman_Ilham:
Alhamdulillah, mun kai shi jiya gab da Magariba. Wani dattijo mai lambu ya nuna mana wani tafki a fadama, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa daga gidanmu, ya ce yana ganin irinsu suna shan hantsi a kan wani kututture. Mun tafi da yaran duka. Ilham ta yi kuka a hanya, na ce mata ita za ta ajiye shi da hannunta. Ta ajiye shi a kan taɓo. Ya yi kamar minti biyar bai motsa ba, har ƙaramin ya ce ya mutu. Can sai ya fito da kai, ya dube mu, ya juya, ya shige ruwan da saurin da ban taɓa zaton kunkuru yana da shi ba. Muka ga 'yar kumfa, shi ke nan. Hajiya da muka dawo abin da ta fara tambaya shi ne ko ya sha ruwa.

Injiniya_Tukur:
Allah ya ba ki lada, ya sa yaran su riƙe wannan. Na ji sanyi a raina.

Sarkin_Baka_Ƙarami:
Allah ya tsare shi. Ni dai ina nan a kan bakana, fadamar nan ma ba za ta kai shekara biyar ba a yanka ta ba. Sai mu ga inda za a kai na gaba.

Hadiza_Maradi:
Ni har yanzu tawa ba ta warware ba. Na yi wa kawuna maganar ma'aikatan gandun daji, ya ce kunkurun gado ne, ba inda za shi.

Masunci_Nguru:
Maman Ilham, wata tambaya da ya kamata mu yi tun farko. Kin lura da wutsiyarsa? Doguwa ce mai kauri ko 'yar guntuwa? Domin in gajera ce mace ce, kuma mace takan bar ruwa da damina ta nemi ƙasa mai laushi ta haƙa da ƙafafun baya ta zuba ƙwai ta rufe.

Maman_Ilham:
Guntuwa ce ƙwarai, da ƙyar ake ganinta. Yanzu na fita na duba. A gindin zogalen da ke kusa da rariya akwai wuri kamar faɗin faranti da ƙasar ta bambanta, kamar an tona an mayar an daddanna. Na tambayi yara sun rantse ba su ba ne. In tona in gani?

Ɗan_Fadama:
Kada ki tona. In ƙwai ne, juya shi kaɗai yana iya kashe abin da ke ciki. Ki kifa kwando mai huji a kai ki ɗora dutse saboda kaji da ɓeraye, kada ki riƙa zuba ruwan wanke-wanke a wurin. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Daga sati na takwas ki riƙa ɗaga kwandon kowace safiya, kuma ki adana lambar dattijon nan mai lambu.